Jan Hoto da Zanen Goyon Inna

Akwai wata Alhamis da na yi a Riyad wadda ko na so mantawa ba za ta mantu ba. Yaran da na yi ta gudu da su a ranar yanzu har gyara mini Larabci suke yi, amma in na tuna sai gabana ya faɗi kamar jiya aka yi.

A unguwar Ulaisha muke zaune lokacin, ni da maigidana da yake tuƙi a wani kamfanin gine-gine. Ban daɗe da gama wankan jegon 'yan biyuna mata ba, yayana ya bugo daga gida ya ce jikin Inna, mahaifiyarmu, ya yi tsanani. Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce, "In za ki zo, ki zo yanzu. Ba ta da magana sai a kawo mata jikokinta ta gani." Inna ba ta taɓa ɗaukarsu ba. Abin da ya haɗa ta da su kawai wani tsohon zanen saƙi ne, shuɗi mai duhu, wanda ta goye mu da shi, ta aiko mini ta hannun wata mai Umara.

Maigida ya nemi hutu, kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya ce aiki ya yi yawa. Na ce to zan tafi ni kaɗai, sai masu sayar da tikiti suka ce mutum ɗaya ba ya riƙe jarirai biyu a jirgi, dole sai da wani babba. Na dawo gida na zauna a bakin ƙofa ina kuka.

A nan maƙwabciyata ta same ni. 'Yar Indonesiya ce, ma'aikaciyar jinya, gajeriya mai sanyin magana, irin mutanen da ko tuntuɓe suka yi sai sun ba dutsen haƙuri. Da guntun Larabci da guntun Turanci muke fahimtar juna. Ta ji bayanina, sannan ta ce, "Ukhti, 'yar uwata, ni zan riƙe ɗaya." Hutun da ta tara don zuwa ganin nata iyayen shi ta ce za ta kashe a kaina. Na yi ta ƙi da baki, amma Allah ya sani zuciyata ta riga ta karɓa.

Sai maganar biza, don ɗan Indonesiya ba ya shiga ƙasarmu haka kawai. Aka ce sai fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da iƙamarta, wato takardar izinin zama, da izinin fita da dawowa daga wajen aikinta, da wasiƙar gayyata daga yayana, da tikitin zuwa da dawowa, da katin allurar shawara, da hoto biyu. Muka yi ta zirga-zirga har komai ya haɗu. Hoton ne kaɗai ban ko tambaya ba, don ta ce tana da sababbi a ajiye. Wa zai tsaya bincikar hoto?

Jirginmu ranar Litinin ne. An gaya mana in takardu suka shiga Alhamis za a samu biza ranar Lahadi, in kuwa suka wuce Alhamis, Juma'a da Asabar ba aiki, jirgi zai tashi ba mu. Daga asibiti ƙawata ta wuto ranar Alhamis ɗin, ta ɗora abaya a kan kayan aiki. Na goya babbar da zanen Inna, ta rungumi ƙaramar, muka tafi ofishin biza.

Ma'aikacin da ke taga Bahaushe ne, dattijo mai furfura a gemu. Yana buɗe takardu yana gyaɗa kai, ni kuma ina ta hamdala a zuci. Da ya zazzage ƙaramin ambulan, sai ya tsaya. Ya ɗago hoton ya nuna mini. Ga ƙawata ta yi kyau abinta, bayanta kuwa ja wur kamar an zuba manja.

Ya ce, "Hajiya, wannan fa? Farin baya ake so."

Na juya na ce mata, "Sista, ja kuma? Me ya kai ki?"

Ta dube ni da mamaki na gaskiya. Ta ce ai a ƙasarsu haka ake hoton hukuma. Wanda shekarar haihuwarsa ta ƙare da ɗaya, ko uku, ko biyar, haka dai, jan baya yake yi, sauran kuma shuɗi. Ita ja ce tun tana makaranta. Har ma sai da ta sa mai hoto ya nemo mata jan ƙyalle musamman, don kada ta kawo abin da ba daidai ba. Wato tsabar kiyaye doka ce ta jefa mu.

Na fara roƙo. Na ce uwata ce a kwance, na ce ya duba yaran nan. Ya ce, "Wallahi ba ni na kafa dokar ba, ko na karɓa sai an dawo da shi. Akwai mai hoto a bayan layin nan. Da an fito azahar kaɗan muke rufe karɓa, ku yi sauri."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Rana ta take, kwalta na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, yaran duka sun ɓare baki. Muna shan kwana aka kira salla, ina kallo mai shagon ya jawo ƙofar ƙarfensa ƙasa. A lokacin da an kira salla kowane shago rufewa yake. Na ɗaga murya ina kiransa, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sala, sala," ya wuce masallaci.

Muka zauna a dakalin shagon. Ƙawata sai cewa take "Asifa, ukhti," tana ba ni haƙuri, hawaye na zubo mata. Ni kuwa haushi ya cika ni fal, amma wa zan ji haushi? Matar da ta bar iyayenta don uwata? Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, na ga lambar yayana. Na zaci rasuwa za a faɗa mini. Na daɗe ina kallonta kafin na ɗauka. Sai na ji muryar Inna can ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kun taso?" Na ce, "Mun kusa, Inna." Ta ce, "To, ina jira." Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Da mai hoton ya dawo, ya zaunar da ita gaban farin bango, ya leƙa kyamara, sai ya girgiza kai. Farin hijabin aiki ne a kanta. Ya ce fari a kan fari ba ya yi, kan ya ɓace, fuska ce kawai take yawo, ba ofishin da zai karɓa. Na dubi nawa hijabin, ruwan madara ne, duk ɗaya. Ya ce mu je mu sayo baƙin mayafi. Na ce, "A ina? Da wane lokacin?"

Ban san sanda hannuna ya kai ƙirjina ba. Na kwance goyon, na miƙa wa mai hoton jaririyar ba tare da na tambaye shi ba, ya karɓe ta yana zare ido. Na ja ƙawata bayan labule, ta cire farin hijabin, na naɗa mata zanen Inna a ka, na rufe wuya, na soke a gefe. Zanen yana da nauyi, ga ɗumin yarinya, ga ƙarnin tumbuɗi. Na karɓi jaririyar daga hannunsa, ita kuma ta zauna ƙyam da ƙaramar a cinya, gumi na bin fuskarta, aka ɗauka. Da farin hijabin nata na mayar da goyona, muka kwasa a guje.

Mun tarar maigadi ya fara tura ƙofa. Dattijon nan ya riga ya tattara kayansa, amma ya bar tagar a buɗe rabi. Ya karɓi hoton ya ƙura masa ido. Can ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai 'yar garinmu ce." Ya haɗa da sauran takardun ya ce mu dawo Lahadi. Na zauna a ƙasa a wurin ina hamdala.

Mun samu Inna da rai. Aka ɗora mata yaran a ƙirji ɗaya bayan ɗaya, ta shafa kansu ta yi musu addu'a. Da ta ɗan samu ƙarfi na ba ta labarin jan hoto, na nuna mata ragowar wanda aka ɗauka. Idonta ya yi rauni, amma ta kai shi kusa da fuska ta ce, "Wa ya ba ta zanena?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sannan ta laluba ta kamo hannun ƙawata, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ta ce, "Duk 'ya'yana da shi na goye su. Ke ce autata." Kafin hutun ƙawata ya ƙare Inna ta rasu, kuma da ita aka yi zaman makoki, tana raba wa mata ruwa. A ƙarƙashin matashin Inna muka samu hoton.

Tun daga ranar, duk wanda zai nemi biza nakan ce masa ya tambayi komai, har launin bangon hoto, don abin da kowa ya sani a ƙasarku ba shi kowa ya sani a wata ƙasar ba. Na kuma koyi cewa ba sai an haɗa yare ko jini ake zama 'yan uwa ba. Ƙawata ta koma ƙasarsu da daɗewa, amma duk Salla takan kira ni, kuma da na ɗauka nakan ce, "Autar Inna, ya gida?"