Turken Iyaka a Rafin Gude

Ku da kuka shigo aikin nan bayan tafiyar Turawa, akwai wata rana da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin ina tafinta a En'e, wato hukumar gargajiya, an haɗa ni da Baturen daji muna rangadi a ƙasar Gwarzo. Ƙa'idar tafinta ɗaya ce: abin da aka faɗa shi za ka juya, ba ƙari ba ragi.

Muna barikin Gwarzo malamin daji ya kawo ƙara. Ya ce turken siminti da aka kafa a kan iyakar gandun daji, kusa da Gude ta wajen Kabo, ya ɓace, kuma gonar wani tsoho, Baba Sule, ita ce a gefen wurin. A lokacin, wanda ya tumɓuke turken gwamnati sai gaban alƙali, daga nan sai gidan yari a Kano.

Da hantsi muka isa. Dagaci ya sa an kawo tsohon, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin rafi. Bature ya ce in tambaye shi ko shi ya cire turken.

Baba Sule ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba Zaki nasara, yadda ya gani haka ne."

Mu mun san wannan ladabi ne, talaka ba ya musu da babba a gaban dagacinsa. Amma in na juya ta yadda take, ya amsa laifi ke nan. Na yi kamar ban ji sosai ba, na matsa kusa da shi.

Na ce, "Baba, don Allah bar ladabin nan. Ina turken?"

Ya ce, "Ɗana, ruwa ya ci."

Na faɗa wa Bature. Sai ya zaro alƙalami ya ce, "Wace rana? Me ya hana shi kai rahoto?"

Tsohon ya dube ni da mamaki. "Wace rana kuma? Kowace damina rafin nan sai ya gutsuri gaɓa. Bara turken ya ɗan karkata, bana na zo babu shi. Kunyoyina nawa suka bi ruwan nan, wa na kai wa ƙara?"

Nan Turancina na makarantar Midil ya ƙare. An koya mana ya faɗi, ya karye, an sace, duk abubuwan da kan faru farat ɗaya. Abin da ke tafiya sannu a hankali kuwa ban san yadda suke harhaɗa shi ba. Na ɗauko kalmar ruwa ta Turanci na liƙa mata kalmar ci, na jera kalmar kaɗan sau biyu, na ƙara da damina bayan damina, ina yi ina gutsurar iska da hannu. Ɗan dokan da ke bayanmu har ya juya kai yana danne dariya.

Bature bai yi dariya ba. Ya maimaita maganar da irin nasu jerin, ashe su ma kaɗan ɗin suke ninkawa. Sannan ya gangara cikin rafin, ya tsaya yana kallon saiwoyin wata ɗorawa da ke reto a fili, ƙasar ƙarƙashinsu duk ta zube. Ya kama gaɓar da hannu, ta ruguzo masa a kan takalmi.

Ya hauro ya ce a kafa sabon turke can nesa da ruwa, a sallami tsohon.

Abin da na koya shi ne ofis ba ya jin magana sai mai rana da wata. Yawancin abin da ke cin mutanenmu kuwa ba shi da rana, a hankali yake zuwa. In irin wannan mutum ya durƙusa a gabanku ya ce yadda kuka gani haka ne, kada ku rubuta tukuna. Ku matsa kusa ku sake tambayarsa.