Idon da Aka Dasa wa Gwaggo

Gwaggo ba tela ba ce, in ka kira ta tela ma sai kun ɓata. Aikinta ɗaya ne, rufe ɓaraka. Dutsen guga ya ci riga, ko ƙusa ta ja wando, sai a nufi ɗan shagonta na ƙarƙashin bene, inda ko keken ɗinki ba zai samu wurin zama ba. Ta zaro zare daga cikin kalmasar rigar, ta saƙa shi a ramin sili-sili, har mai kaya ya yi ta juyawa ya rasa inda aka taɓa. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan, da shi ta aurar da 'ya'ya huɗu.

Tun tana yarinya ba ta gani daga nesa. Tabaraunta mai kauri ne, har ya yi mata kanta a karan hanci. Amma in za ta yi aiki, cire shi take yi, ta kawo ƙyalle dab da hancinta, kowane zare ya fito mata raɗau. Wannan idon, wanda bai iya gane maƙwabci a bakin titi, shi ne jarinta.

Da yanar ido ta fara rufe mata gani, Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta kai ta asibiti. Likita ya ce za a cire yanar a dasa ɗan gilashi a cikin idon, kuma akwai wani iri mai nuna nesa da kusa gaba ɗaya.

Ya tambaye ta, "Mama, kina so ki rabu da tabarau?"

To wa zai ce a'a? Auta ta yi caraf ta ce, "Ɗinki take yi, likita, a sa mata mai kyan." Likita ya rubuta ɗinki, a ransa mai taka keke ce. Ita kuwa Gwaggo ba ta ce masa cire tabarau take yi ta yi aiki ba. A wurinta wannan ba labari ba ne, ta ɗauka kowa ma haka yake.

Aka yi aikin idon, ya yi kyau, ba ƙarya. Ta ga ganyen bishiya ɗaya-ɗaya, ta ga ashe mai shagon gefe ya yi furfura, har ta tsokane shi. Sai da ta koma kan kujerarta, ta kawo ƙyalle dab da hanci, ta ga hazo. Ta janye shi zuwa tazarar karatun jarida, ya washe, amma zaren ya ƙanƙance, kowane sili da wata inuwa a gefensa. Ta kai hannu fuska za ta cire tabarau, ta shafo fata. Ranar ta kai hannun nan ya fi sau goma.

Ta ƙara fitila, fitilar ta yi zobba-zobba. Ta sayi gilashin ƙara girma, ya ƙara zaren ya ƙara inuwar. Farin yadi da dama-dama. Baƙi kuwa, kamar ta leƙa rijiya.

Ta koma wurin likita, ta karanta allonsa na gwajin ido har layin ƙasa. Ya ce idon garau yake, ƙwaƙwalwa ce za ta saba. Wata shida ba ta saba ba. Da ta sake komawa, ya ce ana iya canza gilashin da aka dasa, amma abin ya riga ya manne, kuma ko an canza, ganinta na da ba zai dawo ba. A gida Auta sai nuna ta take yi wa baƙi: "Ku ga Mama, ko tabarau babu." Gwaggo ta ce alhamdu lillahi. Takaici kamar ya kashe ta, amma da wane baki za ta faɗa?

Ana haka mai wanki da guga na layinsu ya shigo da baƙin kwat, ya ƙona gaban aljihu. Na babban kwastomansa ne, in ya gani sun rabu ke nan.

"Gwaggo, ki rufa min asiri."

Kwana uku ta yi a kai, rabi da ido rabi da laluben yatsa. Da ta gama ta fita da shi rana, ta kusanto, ta nisanta, ta karkata. Ba ta ga aibu ba. Amma yanzu rashin ganinta ba shaida ba ne, kuma ta sani.

Da mai wankin ya dawo ta miƙa masa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, duba min. Ya yi?"

Ya duba. Ya ɗan jima yana dubawa.

"Ya yi, Gwaggo. Allah ya saka."

Ya naɗe kwat ɗin da sauri ya fita. Fuskarsa kam ta gan ta sarai har ya tsallaka titi, amma ba ta gane ko gaskiya ya faɗa mata ko tausayinta ya ji ba.