Ranar da Baba ya ɓoye mu a gonar Samnu

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Illiyasu, kuma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ba mantuwa ba ce. Abin da ya kamata in faɗa yana da nauyi, shi kuma bai so a tayar da zancen ba lokacin da yake raye. Yanzu na tsufa, na ajiye aikin jinya, waɗanda suka san labarin saura kaɗan, don haka zan faɗa. Allah ya yafe mana, ni da shi.

Ina da shekara tara fari ya kore mu daga ƙauyenmu na ƙasar Tawa. Shanu sun mutu, rumbu ba ko zangarniya ɗaya. Baba ya sayar da ɗan abin da ya rage, ya ɗora mu a bayan babbar mota, ni da Inna da ƙanena Sani mai shekara shida, muka keta sahara zuwa Libiya. Lokacin arzikin man fetur ya buɗe musu. A birnin Sabha duk inda ka waiga gini ake yi, asibiti kyauta, makaranta kyauta, amma ga mai takarda. Mu aka kai mu wata gonar dabino kusa da Samnu, inda Baba ya samu aikin ban ruwa. Gida bakwai ne mu a wurin, duka 'yan Nijar, cikin bukkokin kwano da ganyen dabino, da yara goma sha biyar.

Ba wanda ke da takarda a cikinmu. Namiji shi kaɗai ba a cika damunsa ba, tunda hannunsa ake bukata. Amma wanda aka gani da mata da yara, an san zama ya zo yi. Labari kuma ya zo daga garin Gudduwa cewa an kwashe wasu iyalai an zube su a bakin iyaka ba ruwa ba guzuri. Baba shi ne babba a zangon, sai ya fito da dabara. Ya rataye wani tsohon faifan garmar tarakta a jikin dabino, ya ce duk wanda ya hango motar hukuma ya buga shi, yara kuma su ruga su kwanta cikin busasshiyar hanyar ruwa da ke bayan gona, mata su rufe su da ganye. Har gwaji yake sa mu yi. Mu wasa muka ɗauki abin, Sani ma kullum shi ke riga kowa isa, yana dariya ƙasa-ƙasa har sai na toshe masa baki.

Wata rana da hantsi mota ta shigo, irin motar nan mai ruwan ƙasa da 'yan sanda ke hawa. Baba da kansa ya buga ƙarfen. Muka kwanta a ramin har rana ta take, ƙaiƙayi ya ishe mu. Mutum uku ne suka sauko, har da mace mai farar riga, ɗauke da wani akwati. Ba mai jin Hausa a cikinsu, Larabcin Baba kuwa bai wuce na ruwa da shebur da albashi ba. Kalmar yara kawai ya tsinta a bakinsu, ya rantse musu babu yaro ko ɗaya a gonar. Matar ta nuna masa ƙananan takalman da ke ƙofar bukka, ya ce tsaraba ce za a aika gida. Suka juya suka tafi. Ranar maza sun yi ta yi wa Baba barka, an ce ya cece mu.

Bayan kwana biyu mai gonar ya zo daga gari, wani dattijon Balarabe da ya yi fatauci har yake jin Hausa kaɗan. Shi ya gaya mana cewa masu allurar rigakafin ƙyanda ne, kuma suna rubuta sunayen yara don makarantar da aka buɗe a Samnu, ba sa tambayar takardar kowa. Maza suka ce ai ko ma mene ne gara da aka ɓoye, hukuma hukuma ce. 

Ba a yi wata biyu ba ƙyanda ta shigo zangon. Yaran da suka fito daga yunwa ba su da jikin da zai yi faɗa da ita. Na kwanta na tashi. Huɗu ba su tashi ba, Sani ne na uku. Har yau in na ji tarin yaro mai ƙyanda sai Sani ya faɗo mini a rai, duk da na yi shekaru ina jinyar irinsu. Gudun gara muka yi, muka faɗa gidan zago.

Na daɗe ina jin haushin Baba, ba zan ɓoye ba. Sai da na fara fita aikin rigakafi da kaina, na ga uwa ta tura ɗanta ƙarƙashin gado saboda ta hango mu, sannan na fara fahimtarsa. Abokan aikina kan ce jahilci ne, ni kuwa raina ya ɓaci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Su mutanen da suka zo mana da alheri, wa ya hana su zuwa da tafinta? Wa ya ce su hau motar da aka saba kwashe mutane da ita? A yau ma haka nake gani a sansanonin waɗanda rikici ko ambaliya suka raba da gidajensu: a zo da abinci da allo da littafi, a jera masu bindiga a gaba, a buɗe babban kundi a ce kowa ya kawo 'ya'yansa, sannan a koma ofis a rubuta cewa iyaye ba su ba da haɗin kai ba. Da Baba zai ga wannan, na san ba zai zagi iyayen ba. Cewa zai yi a tura musu wanda ya taɓa ɓuya, shi ya san yadda ake kiran mai ɓuya ya fito.

Sabha ɗin ma da na sani ba ita ce ta yau ba. Waɗanda ke dawowa suna ba da labarin harbe-harbe da gidajen da ake tsare baƙi, da yaranmu da aka haifa can suka girma ba su taɓa shiga aji ba. Mu a lokacin wadata muka ɓuya. Su kuwa ko sun fito, ban san wa zai rubuta sunansu ba.

Bayan sadakar bakwai ta Sani, Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce zai tafi Sabha ya nemo masu allurar nan. Maza suka taru a kansa, wani ya ce in ya kai sunayen ya kai su duka mahalaka. Inna ta riƙe masa hannun riga. Abin da ya faɗa mata kaɗai nake tunawa:

"Ni na buga ƙarhen nan. Saura goma sha ɗaya, ba ni ƙara gina ramin yaro da hannuna."

Wani direba ɗan Agadas ya raka shi ya yi masa tafinta, daga bakinsa muka ji sauran. Ya ce Baba ya tsaya gaban magatakarda ya jero yaran zangon gida-gida. Ni ce 'yar fari, bai taɓa kama sunana da bakinsa ba, amma ranar ya faɗe shi sarai don a rubuta daidai. Masu allura sun dawo cikin makon, makaranta ta karɓe mu. Baba kuwa bai dawo ba. A hanyar komowa aka tare motarsu, aka tambaye shi takarda, aka haɗa shi da waɗanda za a mayar. Daga baya an kwashe maza biyu daga zangonmu, ko saboda sunayen ne ko ba saboda su ba, Allah ne masani, amma matansu ba su sake gaisawa da Inna ba. Tsoron da ya sa ya ɓoye mu ba ƙarya ba ne, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Daga Agadas ya aiko da saƙo cewa kada mu biyo shi sai na iya karatu. Mai gonar ya bar mana bukkar, Inna tana tsintar dabino tana wanki, muka yi shekara uku a haka kafin mu bi shi. Abin da na koya a ajin nan shi ya zama tsanin duk abin da na taka daga baya. Cikin mu goma sha ɗaya akwai malamin makaranta, akwai makaniki, akwai waɗanda suka koma noma amma suna karanta wa kansu takardar asibiti. Baba bai bar gona ba, bai bar hoto ba, mu ne abin da ya bari.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar farko a aji, malaminmu, wani Bamisre, ya buɗe rajista yana kiran suna. Ya kira nawa na amsa. Sai ya kira Sani Illiyasu.  Ya sake kira, ya sa alama, ya wuce. Haka ya yi ta yi kowace safiya kusan wata guda, ni kuma ba ni da Larabcin da zan gaya masa, ko da ina da shi ban san ko bakina zai iya ba.

Shekaru bayan haka, yana kwance cikin ciwon ajalinsa, na tambayi Baba ko kuskuren direba ne. Ya kalli rufin ɗaki ya ce:

"Ba kuskure ba ne. Mutumin ya tambaye ni ɗiyana nawa. Na riga na ce musu babu shi sau ɗaya, ban iya sakewa."

Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da ɗansa.