Sawun Gada a Bayan Dutsen Kwatarkwashi

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da wani abokin aikina, cikin bas ɗin Tsafe. Sanyi ya sa kowa ya dunƙule a kujerarsa, har mai tallan magani bai ce uffan ba. Kuɗin mota ya sake tashi, ramukan hanya kuwa suna nan inda na bar su bara.

Wajen kawuna za mu, tsohon maharbi da ya ajiye bindiga. Ya ji likita ya ce hawan jinina na yawan tunani ne, sai ya aiko in zo ya nuna mini daji. A Kwatarkwashi muka sauka, muka karya da koko da ƙosai, muka hau babur zuwa ƙauyen kawu.

Kawu bai kai mu nesa ba, don yanzu ba mai shiga daji sosai saboda 'yan bindiga. Bakin wani rafi muka bi, wanda ya kusa ƙafewa. Itatuwa sun zubar da ganye, gawo kaɗai ke kore. Ina tafe ina duba waya, sai kawu ya riƙe mini riga.

"Ka take sawun gada," in ji shi. "Jikinka ka kawo, hankalinka yana ofis."

Ya sa muka zauna a gindin tsamiya, ya ce kada mu yi magana. Da farko tunanin aiki ya yi ta kai-komo a kaina. Can na fara jin numfashina, na ji kukan zabin daji, na ga ƙayar beguwa dab da ƙafata. Bayan kamar rabin awa gadar ta fito, 'yar ƙarama, tana kaɗa kunne. Ta sha ruwa ta wuce. Abokina har ya manta da ɗaukar hoto.

Muna gaba kaɗan na hango sawun tayoyi a kan yashi, na nuna wa kawu. Ya tsuguna ya shafa.

"Babura uku, kowane da mutum uku. Raɓa ba ta sauka kansu ba, na yau ne. Kuma ba hanyar kasuwa suka yi ba. Mu koma."

Bai ɗaga murya ba, bai yi sauri ba. Na bi takunsa har gida. Nan da nan ya aika aka sanar da mai gari, aka hana mata zuwa itace. Matar kawu ta ba mu hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da fura, na ci ban ji ɗanɗano ba sai a loma ta biyar.

Bayan la'asar na iso Gusau. Abin da na koyo shi ne yawancin abin da nake bukatar sani yana gabana, dubawa ce ba na yi. A ƙofar gida na tsaya kallon sawun yarana, na ga na autata yana jan ƙafar hagu. Na tambaye ta, ta ce takalmin makaranta ke matse ta tun farkon zango, ta ga kullum ina cikin tunani shi ya sa ba ta faɗa ba.