Sunana a Bangon Gidanmu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Agege ya san Malam Isiyaku Tela ba ya barin abu tsirara. Rediyonsa na da riga, fankarsa na da riga, har butar alwalarsa ya ɗinka mata 'yar taguwa da ƙyallen shadda. In ka yi dariya sai ya ce, "Kai da ka sa riga, wa ya yi maka dariya?" Shekara ashirin da wani abu muna gida ɗaya, ƙofata na kallon tasa. Shi Bazazzagi, ni Bakano, kullum cikin tsiya muke.

Da aka fara jan wayar intanet cikin gidaje, muka haɗa hannu muka ja layi ɗaya. Ni ina da kwamfutar da ɗana ya ba ni, ina ganin hoton goro daga masu gona kafin in saya. Shi kuma yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake sauraron karatu da ita. Aka ce sai mun sayi rauta, ɗan akwatin nan mai ƙaho biyu da ke raba wa kowa intanet ta iska.

Wani Bayarabe mai jin Hausa, Oga Lekan, shi ya zo ya kafa ta a baranda. Bai gama tattara kayansa ba Malam ya gwada ta da tef. Washegari muka tashi muka ga rauta cikin kaftani, har da aiki a wuya, ƙahonin sun leƙo ta hannuwa. Kafin azahar rautar ta yi zafi ta ɗauke. Lekan ya dawo ya ce, "Baba, ta waɗannan ramukan take shan iska, kun toshe mata hanci."

Malam ya ce, "To a rage mata zuwa 'yar shara." Kuma wallahi ya ɗinka.

Rigima ta biyu a kan kalmar sirri ce. Lekan ya ce mu zaɓi wadda za a kulle abin da ita, kada mutanen waje su shiga.

"Ƙamshin miyar gidanka in ya tsallaka katanga, kulle shi kake yi?" in ji Malam.

"Baba, in suka yi yawa zai yi nauyi."

"Mu ma ai ba sauri muke ba."

Ba a yi mako ba dakalinmu ya cika. Bayan la'asar 'yan okada da 'yan ci-rani masu dako sai su jeru, kowa riƙe da waya yana gaisawa da mutanen gida fuska da fuska. Malam ya ƙaro musu benci, ya ajiye randa da moɗa. Ni kuwa hoton gorona sai ya buɗe rabi ya tsaya, in yi ta kallon rabin ƙwarya ina ƙuna.

Nan ne na yi abin da nake jin kunyarsa har yau. Ranar da Malam ya tafi Mushin sayen zare, na kira Lekan na ce ya kulle. Da yake ba ni da kan riƙe lambobi, na ce ya sa sunana, Alhaji Garba Mai Goro. Ya rubuta mini a takarda, na manna a jikin kwamfutata. Ya shigar a ta Malam ma, don kada ya lura.

Da la'asar mutane suka zo, suka yi ta ɗaga waya sama, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan dako, Haruna, ya rage. An yi masa haihuwar fari a ƙauye, ranar aka shirya za a nuna masa jaririyar ta wayar maƙwabci. Ya ce, "Baba Alhaji, lafiya kuwa?" Na ce kamfani ne suka kulle.

Malam ya dawo ya ji, da safe ya hau motar haya ta danfo sai ofishin kamfanin a Ogba. Bai dawo ba sai bayan azahar, ƙafa duk taɓo. Ya yi sallama ɗakina, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon takardar nan da ke jikin kwamfutata.

"Alhaji, sun ce mai laifin a cikin gida yake. Na ce musu gidanmu babu mugu, Bakano dai muke da shi."

Na kasa dariya. Ya fita, na ji shi yana cigiyar fenti.

Kafin la'asar sunana ya hau bangon waje da manyan baƙaƙe, a sama an rubuta: kalmar sirri, kyauta. Tun daga ranar abin ya zama sadakar Alhaji Garba. Haruna ya ga 'yarsa, ya zo ya kama hannuna biyu yana yi wa iyayena addu'a. Malam na kan keken ɗinki, bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Amin. Ai Alhaji hannunsa a buɗe yake."

Shekara huɗu ina karɓar addu'ar da ba tawa ba, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan nemi gafararsa, har ciwon kwana uku ya ɗauke shi a daminar da ta wuce.

To yau na faɗa muku, mutanen layinmu. Ni ne na kulle, shi ya buɗe. Ya Allah, duk addu'ar da aka yi mini a dakalin nan, ka mayar da ita ga mai ita. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya yafe wa Bakanonsa.