Kaburetar Baba a Kan Teburin Ɗinki

Shekarun baya, damina ta farko bayan rasuwar mahaifinmu, kogi ya yi cikar da ta shafe gonarmu ta wajen Auyo. A can ruwan ya tarar da tsohuwar a-kori-kurar Baba, wadda ya yi shekara da shekaru yana kwaso mana shinkafa da ita. Ta yi makonni a cikin ruwa. Da ƙasa ta tsane, da shanun huɗa muka jawo ta har ƙofar gida a Haɗeja, laka har cikin kujeru.

Yayana ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Wannan ai gawa ce. Zan kira 'yan gwangwan su auna ta su kwashe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Motar da na koyi tuƙi a cikinta, a ce za a sare ta da gatari a ɗora a sikeli? Na ce ba za a sayar ba. Ya ce, "Kai da wa? Tela ne fa kai, ba bakanike ba."

Muka kai ƙara wurin mahaifiyarmu. Inna ba ta son hayaniya, sai ta raba gardama: shinkafar rani tana nan tafe, idan motar ta kwaso ta daga gona zuwa gida da ƙafarta, a bar ta. Idan ta kasa, a sayar. Yaya ya yi dariya ya ce ya yarda.

Abokina bakanike ya taimaka muka zubar da baƙin mai, muka wanke tanki, muka sa batir. Injin yana juyawa amma ya ƙi tashi. Ya buɗe kabureta, wato wurin da fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ya ga laka ta daskare a ciki kamar tuwon jiya. Ya ce, "Malam, wannan sai dai sabuwa, kuma irinta ta ƙare a kasuwa." Na ce ya ciro min ita kawai.

Shago na kai ta. Na shimfiɗa farin yadi a kan teburin yanka, na riƙa kwance sassanta ɗaya bayan ɗaya ina jerawa yadda na ciro su, kamar yadda nake yi wa keken ɗinki. Na jiƙa komai a fetur, na goge da tsohon buroshin haƙori. Takardar da ke tsakanin murfi da gindi ta ruɓe, na zana irinta a kan kwali na yanke da almakashi, ta zauna cif. Masu kawo ɗinki suna shigowa suna toshe hanci. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, atamfata kar ta dawo min da warin tasha."

Sai na zo kan wasu 'yan ƙananan noti masu rami a tsakiya, inda fetur ke bi. Duk sun toshe. To, tela ya ga rami ya toshe, me zai ɗauka? Na zari allurar keke, babba ma ta ɗinkin labule, na soka na murza har na hango haske tarwai. Na ji daɗin kaina sosai ranar.

Da muka mayar da kaburetar, bugu biyu motar ta tashi. Unguwa ta fito kallo. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin, kaji suka watse. Abokina ya saurara, ya shinshina salansa, ya dube ni.

"Da me ka buɗe ramukan nan?"

"Da allura."

Ya dafe kai. "Iska ake hura musu! Ka faɗaɗa su, yanzu mai take sha kamar raƙumi. Za ta riƙa shaƙewa."

Na ce to ta shaƙe, ai tana numfashi. Ya ɗan matse sukurun mai, ya saita mata silo, wato bugun inji idan mota tana tsaye, iya yadda za ta yiwu, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar kwasar shinkafa muka loda buhunan shanshera har suka wuce kan motar. Yaya ya biyo ni a baya a kan babur, wai shi shaida. Muka taho lafiya, tana tari tana tafiya, har muka iso inda hanyar gona ke hawa kan kwalta. A tsakiyar hawan nan ta yi shiru. Birkinta kuwa tun da ta sha ruwa ba shi da kirki, sai na ji ta fara komawa baya, kuma a bayan akwai kududdufi.

Kafin in yi ihu na hango Yaya a madubi ya yar da babur, ya kafa kafaɗa a jikin motar, babbar rigarsa cikin taɓo.

"Taka birki mana! Sa dutse! Wallahi motar Baba ba za ta sake shiga ruwa ina kallo ba!"

Wasu masunta da ke wucewa suka kawo ɗauki. Na ciro fulogai, sun yi baƙi ƙirin, na goge su da bakin rigata na mayar. Suka tura, na saki kuloci, ta ɗauka da gurnani. Ban ƙara tsayawa ba sai ƙofar gida.

Da Yaya ya iso, ya wanke ƙafa, hankalinsa ya dawo, sai ya ce wa Inna sharaɗi bai cika ba, don an ce da ƙafarta, ita kuwa tura ta aka yi. Inna ta dubi rigarsa tun daga wuya har ƙasa.

"Wa ya tura ta?"

Ya dubi taɓon da ke jikin rigarsa.

"To je ka canza riga," ta ce. Maganar sayarwa ba ta sake tasowa ba.

Har yau motar tana nan. Na daɗe da samo ƙananan notin nan na gaskiya, hayaƙin ya ragu, amma ba zan yi muku ƙarya ba, tana ba ni wahala. Matata tana kiranta uwar gida, 'ya'yana suna kwanciya a kujera don kar a gan su idan za mu wuce ta gaban makarantarsu. Mutane kan ce taurin kai ne ya sa na riƙe ta, ni kuma ban taɓa musu ba. Taurin kan ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Da na saurari masu hankali, da tuni an narkar da ita an yi tukwane.

'Yan gwangwan har yanzu sukan tsaya da kurarsu su leƙa ta, su tambaya ko ta sayarwa ce. Shiga nake yi in murza makulli, in bar su tsaye cikin hayaƙi.