Gilashin Shagon 'Yardada

Kakata ce, sunanta 'Yardada, duk Mandawari ba wanda bai san ɗanwakenta ba. A Ƙofar Ruwa aka haife ta, aure ya kawo ta unguwarmu, da kakanmu Malam Musa ya rasu ya bar mata yara biyar da ɗanwaken nan ta riƙe su, shekara ashirin da bakwai tana jefa shi a tsakar gida ba ta taɓa fita titi da tukunya ba. Maza su yi sallama a zaure a miƙo musu a kwano, su zauna a tabarma su ci su tafi. Zauren namu kuwa duhu ne da shi ko da rana tsaka, sai ka daɗe a ciki kafin ka gane wa ke kusa da kai.

To akwai wasu shaguna shida a jere a bakin titinmu, tun da masu yadi suka kwashe suka koma kasuwa aka bar su a rufe wajen shekara uku, ƙofofi duk tsatsa, awaki na kwana a baranda, mata har tsoron bi ta wajen suke. Sai mai unguwa Malam Ɗayyabu ya tara masu shagunan ya roƙe su a ba 'yan unguwa su raya wajen, suka yarda amma da sharaɗi, bayan wata ɗaya mai unguwa zai zagayo ya duba, duk shagon da bai ga mutane a ciki ba a karɓe a ba na gaba, don sun fi mutum ashirin masu jira. Tela ya samu, mai shayi ya samu, mai cajin waya ya samu, 'Yardada ta samu na tsakiya.

Ita da farko ma ba ta so, autanta Kawu Nazeer ne ya matsa. Ya ga gidajen abinci na can Nasarawa, ya zo ya cire ƙofar ƙarfen ya sa gilashi daga sama har ƙasa, ya sa ƙwan lantarki fari fat da kujerun roba, ya ce Inna ai haka ake yi yanzu, mutum in ya hango wani na ci shi ma yawunsa ya tsinke. Kuma da yake aurensa ya kusa sai aka raba zauren da bulo aka fitar masa da ɗaki, saura ɗan lungun wucewa kawai. Kun ga ke nan in shago ya tafi ba zauren komawa.

Ranar buɗewa aka yi sadaka kowa ya karɓa ya yi addu'a. Washegari shiru. Jibi shiru. Wallahi sati guda ba namiji ɗaya da ya zauna a kujerun nan, sai dai a aiko da kwano daga gidaje, shi ma bai kai rabin na da ba. Ɗanwake kuma ba ya jira, in ya huce ya sandare shi ke nan, kullum sai ta juye saura a ba maƙwabta. Ta rage kanwa, ta ƙara kuka, ta canza mai daka mata yaji, ta ɗanɗana ta ba ni in ɗanɗana, na ce 'Yardada wallahi shi ne dai na da, ta ce rufe min baki ke me kika sani. Ta ce baki ne ya kama ta, aka karɓo rubutu aka yayyafa, aka yi hayaƙi. Sati biyu, sati uku. Mutanen da suka shekara ashirin suna ci a hannunta su zo wucewa su ɗaga hannu su ce sannu da aiki su ƙara sauri. Ta rame, kullum tambayarta yau saura kwana nawa.

Saura kwana huɗu ta hango Malam Isyaku zai wuce Ƙofar Mata, marini ne, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, kuma abokin wasanta ne ɗan kawunta. Ta fito da matsami a hannu ta tare shi.

"Kai mai baƙin hannu, tsaya nan! Guba na fara sawa ne?"

"Tsohuwa sakar min riga, mutane na kallo."

"Su kalla! Shekara nawa kana cinye min ɗanwake har da suɗe kwano, yau na samu waje ka gudu?"

Ya rage murya ya ce, "Ɗaga ido ki duba tsallaken titi. Wa ke zaune a shagon can?"

Ta ce Fa'izu mai gyaran babur.

"To wa yake aure?"

Sai a lokacin ta tuna. 'Yar Malam Isyaku ce a gidan Fa'izu.

Ya ce, "So kike in zauna a cikin kwalbar nan taki, fitila a kaina, ina cusa loma mai na bin gemuna surukina na kallona? Shi ma ɗanwaken yake so, yunwa na cinsa, tsoro yake in zo wucewa in gan shi baki cike. Unguwar nan wa ba surukin wani ba ne? A zaure wa ke ganin wani?"

Wallahi sai ta zauna a bakin baranda ta riƙe kai. Ta ce ita da ta aurar da 'ya'ya huɗu a unguwar nan, yaya aka yi ta manta.

Da la'asar sai ga Malam Isyaku da turmin yadi shuɗi daga marina, wanda rini ya ɓata masa gefe, ya ce a rataya a gilashin. Kawu Nazeer ya yi tsalle ya ce gilashin da ya sha wahala a kai za a rufe da tsumma, ta ce Nazeeru ko ka riƙe min ƙusa ko ka ba ni waje. Ya riƙe ƙusa. Ta sa aka kwashe kujeru aka shimfiɗa tabarmi, aka kashe ƙwan nan.

Washegari mutum uku suka shigo, har ta fara murmushi, sai ga Malam Isyaku ya zauna ya kai loma ta biyu, labule ya ɗaga, Fa'izu! Fa'izu ya durƙusa ya ce Baba ina kwana, Malam Isyaku baki cike ya kasa amsawa sai ɗaga hannu, Fa'izu ya fita da baya har ya manta takalmi ɗaya. 'Yardada ta ce shi ke nan an koma gidan jiya, saura kwana uku. Ta tsaya ta kalli ragowar yadin, ta ce a ɗaura igiya a raba shagon biyu, dattawa ciki, samari ta bakin ƙofa kowa ya fuskanci bango, kuma duk mai shigowa ya duba takalman ƙofa tukuna.

Ranar dubawa tun safe ta kasa cin komai, ta ƙone da ruwan zafi ma ba ta ji ba. Mai unguwa ya fara da tela, ya wuce mai shayi, ya iso namu ya tsaya, ba ya ganin komai sai shuɗin yadi. Ya ce, "Hajiya, an rufe ne?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe a buɗe yake, bismilla ka shiga ka gani."

Ya ɗaga ƙafa zai shiga sai ya kalli ƙasa, takalma ne birjik har sun sauko kan baranda. Ya ƙura wa wasu baƙaƙen sau-ciki ido, ya mayar da ƙafarsa a hankali, ya yi gyaran murya. Na mijin 'yarsa ne.

Ya ce, "A'a, na gani daga nan. Shago naki ne, Allah ya sa albarka." Ya yi taku biyu ya juyo ya rage murya, "A zubo min a kwano a kai gida. A sa yaji da yawa."

Sai da ya sha kwana ta saki numfashi ta jingina da bango. Daga can cikin labule Malam Isyaku ya ɗaga murya, "Tsohuwa in kin gama kukan a ƙaro mai!"